Filash ɗin da ke ƙin tashi bayan Magariba

A daminar 2023 wani filash na kyamara ya sa mu kai da kawo tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi, saboda wata ɗabi'a da ya tsiro da ita wadda ba wanda ya gane kanta da farko. Da rana lafiyarsa ƙalau, a danna ya haska, a sake dannawa ya sake haskawa. Da an idar da sallar Magariba, lokacin da ake bukatarsa, sai ya ƙi tashi. Wani lokaci ya amsa sau ɗaya ya ƙi sau biyar, wani lokaci ya yi gum gaba ɗaya. Washegari kuma, rana na ɗagawa, sai ya dawo kamar babu abin da ya taɓa samunsa.

Mai shi ɗan yayata ne, yana ɗaukar hoto a bukukuwa da sunaye da walimar saukar karatu, daga cikin gari har ƙauyukan bakin gulbi, wani lokaci har Tibiri idan an kira shi. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai filash ƙarin kaya ne kawai. A yau kuwa shi ne kusan dukan sana'ar. Hoton rana wayar hannu ta ƙwace shi, kowace ƙawar amarya tana iya ɗauka. Abin da ya rage wa mai kyamara shi ne dare: zaman ango, kai amarya, tsakar gida mai ƙwan lantarki guda ɗaya ko fitilar sola, inda waya ke fitar da fuskoki dishi-dishi. Dama can hoton dare a ƙasashenmu a kan filash ya tsaya. Da shi Malick Sidibé ya bi matasan Bamako wuraren rawa a shekarun 1960, da shi Philippe Koudjina ya ɗauki dararen Yamai. Saboda haka ranar da filash ya ƙi tashi, yaron ya tashi aikin banza, ga kuma kunyar mutanen da suka ba shi kafin alƙalami.

Abin ya soma ne a bukukuwan da suka biyo bayan Babbar Sallah, wadda ta faɗo a ƙarshen watan Yuni a shekarar. Da a wata shekarar ce, da ya lallaba ya aika Kano an sayo masa wani. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, kaya suka yi wuya suka yi tsada. Dole a gyara wanda ke hannu.

Zargin farko a kan batir ya faɗa, kuma yana da hujja. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, har da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa wanda yankin Maraɗi ya dogara da shi. Batiran da yake caji a gida suka koma sai a wurin masu janareta da masu sola, a cire su kafin su ƙoshi. Duk wanda ya ji labarin sai ya ce masa batir ne. Ya sayi sababbi fil a leda, irin waɗanda ba a caji, ya sa su ana kiran sallar Isha, filash ya ƙi. Da muka zauna muka lissafa kuma, sai muka ga ciwon ya girmi yankewar wutar da fiye da wata guda. Abin da ya zo a Agusta ba zai haddasa abin da ya fara a Yuni ba.

A nan ne muka kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Maraɗi, wanda ya fara da rediyo da talabijin tun kafin waya ta shigo. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya yi tambaya guda.

“Ɗana, idan ya ƙi tashin, 'yar jar fitilar nan ta baya tana kamawa?”

“Tana kamawa, Baba. Kamar kullum.”

“To bar zancen batir.”

Dalilinsa yana cikin yadda na'urar take aiki. Batir huɗu ƙanana ba su wuce bolt 6 ba, kuma wannan ba ya haska komai. Akwai ƙaramar taransifoma a ciki da ke ɗaga wutar zuwa bolt 300 ko 330, tana tara ta a cikin kwandansa, wani gwangwani mai kauri da ya cinye wuri mai yawa a jikin filash. Siririn kukan da ake ji bayan kowane haske, kukan wannan tarawar ce. Idan kwandansa ta cika sai jar fitila ta kama. Ƙwan filash kuwa siririn bututun gilashi ne cike da iskar zenon, irin wanda Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya inganta aiki da shi tun 1931. Bolt 300 na tsaye a bakinsa biyu, amma ba sa iya ratsa zenon da kansu. Sai wani ɗan koyil ya harba bugu na dubban bolt a jikin gilashin daga waje, bugun da ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido, shi ne ke buɗe hanya a cikin iskar. Daga nan duk abin da kwandansa ta tara ya kwarara cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ya zama farin hasken nan mai kama da na rana.

Tunda jar fitila na kamawa, batir ya yi aikinsa, taransifoma ta yi nata, kwandansa ta cika. Wutar tana nan a tare. Abin da ya rage shi ne a gano me ke hana a sake ta.

Dattijon ya fara da ƙafa, wato inda filash ke zama a saman kyamara. Nan ne umarnin kyamara ke shiga ta wasu 'yan ƙusoshin ƙarfe, kuma nan ne gumi da datti suka fi taruwa. Ya goge su har suka yi ƙyalli, ya gwada, filash ya haska, muka biya muka tafi. A bikin da ya biyo baya ya sake ƙi. Amma wannan karon yaron ya yi abin da aka umarce shi: ya zare filash daga kan kyamara ya danna maɓallin gwaji da ke jikinsa, wanda ba ruwansa da kyamara ko ƙafa. Shiru. Sai dai da ya kai shi kusa da kunne ya sake dannawa, ya ji wani ɗan ƙas a cikin kan. Ya riƙe wannan a ransa. Ƙafa dai ta fita daga zargi.

Sai zafi. Wani abokin sana'arsa ya rantse zafi ne, kuma ba daga sama ya ɗauko maganar ba. Kowane haske yana barin zafi mai yawa a cikin kan, har murfin robar da ke gaba yakan narke idan aka matsa wa na'ura. Shi ya sa kamfanoni ke sa mata abin da zai tsayar da ita idan ta ɗau zafi. Masu ɗaukar hoton aure a duniya sun san labarin SB-900 na Nikon da ya fito a 2008, wanda kan kashe kansa tsakiyar aiki idan ya ɗumama, har kamfanin ya fitar da SB-910 a 2011 wanda ke rage sauri maimakon ya tsaya cak. Amma ciwon zafi yana da kamanninsa: yana zuwa ne bayan an yi ta harbawa a jere, kuma yana tafiya idan na'ura ta huta. Namu kuwa tun hoton farko yake ƙi, yana fitowa daga jaka da sanyinsa. Ga shi kuma ya ratsa bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, bai taɓa yin gardama ba. Lokacin da gari ya yi sanyi ne yake ƙi, ba lokacin da ya yi zafi ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, duk sanda aka kawo shi Maraɗi lafiya lau yake zuwa. Dattijon ya auna duk abin da mita ke aunawa bai ga aibu ba. Har yaron ya fara jin nauyin zuwa, kada a ɗauka wasa yake da babba. Ran nan sai dattijon ya ajiye mita ya tambaye shi yadda yake kawo shi. Ya ce a cikin baƙar jakarsa, a ɗaure a bayan babur, yakan taso da hantsi. Kilomita hamsin da 'yan kai a kan kwalta, rana na dukan baƙar jaka. Dattijon ya jinjina kai ya ce, “Kenan kafin ka iso an riga an yi masa magani a hanya. Sai mu gano wane magani ne.”

Ni a nan hankalina ya tafi ga ruwa, haka ma na yaron, tunda damina ce. Sai dai ya tabbatar ruwan sama bai taɓa dukan na'urar ba, da hadari ya haɗo yake tura ta jaka. Duk da haka, don kariya, ya yi abin da kowa ke yi: ya naɗe filash da farar leda, ya ɗaure da roba, ya bar shi a haka dare da rana. Sakamakon ya zo a juye. Filash ɗin da a da yake warkewa da hantsi, yanzu har da rana tsaka yana ƙi. Da ya kwance ledar da safe sai ya ga cikinta ya yi gumi. Ya cire ta, ya ajiye na'urar a rana kaɗan, ta dawo aiki.

Daga nan dattijon ya ce a daina gwaje-gwaje, a koma lura. Kowane aiki ya je, ya riƙe wuri da lokaci da yanayin gari. Da bayanin ya taru sai ya nuna ashe ba dare ne ke hana shi ba. A daren da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba kuma iska na kaɗawa, yakan yi aiki ko da ƙyar. A daren da aka yi ruwa da la'asar, ba ya tashi ko kaɗan. A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maraɗi, inda fadama ke riƙe ruwa, abin ya fi tsanani fiye da kan tudu. A wurin suna kuma, da sassafe bayan Asuba lokacin da raɓa ke kan ciyawa, nan ma ƙi yake yi, alhali gari ya waye. Duk inda ya ƙi, iska ce mai danshi. Duk inda ya warke, wani abu ne ya busar da shi.

Da mun tsaya a nan mu ce danshi ne, da mun kama rabin gaskiya kawai. Abin da ya hana mu tsayawa wani biki ne a Tibiri, inda aka ɗauki masu hoto biyu. Ɗayan yana riƙe da filash iri ɗaya sak da na yaronmu, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Tsakar gida ɗaya, dare ɗaya, iska ɗaya. Nasa na ta haskawa, namu na kwance. Bambancin da ke tsakaninsu guda ne: shi ya sayi nasa ana gab da faɗuwar ruwa a shekarar, namu kuwa ya ga hunturu fiye da ɗaya. Idan danshi kaɗai ne, da duka biyun sun ƙi. Akwai wani abu a cikin tsohon da babu a cikin sabon, kuma sai ya haɗu da danshi yake cizo.

Da aka kai wa dattijon wannan labari, tare da zancen ɗan ƙas ɗin nan da ake ji, sai ya ce, “Malam, na san wannan ciwon. A talabijin na san shi.” Tsohuwar talabijin mai ƙwan gilashi tana da waya mai ɗauke da dubban bolt da ke manne a bayan ƙwan. Wuta mai ƙarfi tana jawo ƙura, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Duk rani ba abin da ke faruwa. Da ruwan farko ya sauka sai a fara kawo masa su, suna tsuwwa, hoto na tsalle, in an leƙa cikin duhu a ga wuta na bin dattin.

Ya ce a bar masa filash ɗin ya kwana. Ya sami bokiti mai murfi, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ya kifa kwano a kai, ya ɗora na'urar a kan kwanon yadda ko ɗigo ba zai taɓa ta ba, ya rufe. Da safe ya sa batir, jar fitila ta kama, ya danna. Ƙas, babu haske. Karo na farko kenan da ciwon ya yarda ya bayyana a shagonsa.

Sauran aikin na mai sani ne, kuma ina roƙon kada wani ya kwaikwaya a gida. Kwandansar filash tana riƙe wutarta ko an cire batir, kuma abin da ke cikinta ya isa ya ƙona yatsa, ya jefar da mutum, ya ma taɓa zuciya. Dattijon ya fara sauke wutar ta cikin ƙwan lantarki irin na da mai zare, ya auna ya ga ta sauka, sannan ya buɗe murfin kan. Ciki ba ruwa, ba tsatsa. Abin da ke akwai wata ƙura ce mai laushi, ja-ja fari-fari, ta kwanta a ko'ina, ta fi kauri a kewayen ɗan koyil ɗin da wayarsa. Bai goge ta ba. Ya mayar da na'urar bokiti a buɗe na wasu sa'o'i, ya fito da ita, ya sa batir, ya ja ƙofar shago, ya danna maɓallin da busasshen tsinke. A cikin duhun muka ga wani siririn tartsatsi mai shuɗi-shuɗi ya taso daga bakin wayar koyil, ya bi ta kan ƙurar, ya faɗa kan wani ƙarfe da ke kusa. Shi ne ƙas ɗin da ake ji. Bugun da ya kamata ya tada zenon yana samun gajeriyar hanya ya tsere kafin ya isa gilashin. Dattijon ya ɗauko na'urar hura iska mai zafi ta masu gyaran waya, ya busa daga nesa na ɗan lokaci, ya sake dannawa. Shagon ya cika da haske.

Busasshiyar ƙura ba ta cika ɗaukar wuta ba, shi ya sa filash ya yi ta aiki cikin hazo ba matsala. Amma ƙurarmu ba yashi zalla ba ce. Wani kaso nata daga nesa yake zuwa, daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke ɗauka shi ne wuri guda da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya, iskar hunturu na ɗauko ta ta baza a Nijar da arewacin Najeriya. Ga ta gonakinmu bayan girbi, ga ta hanya, ga toka da hayaƙi, ga gumin hannun mai hoto. A cikin wannan haɗin akwai yumɓu da gishiri-gishiri, kuma dukansu masu shan danshi ne. Kowace uwargida ta san yadda gishiri ke jiƙewa a kwano cikin watan Agusta ba tare da an zuba masa ruwa ba. Gishirin girki yana fara haka ne idan danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin 100. A tsakiyar rani danshin iskarmu da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20. A damina kuwa, da rana ta faɗi iska ta huce, yakan haura 80. Tsakanin la'asar da Isha ake tsallake wannan iyakar. Ƙurar ta sha, ta zama siririn laka mai gishiri wanda ido ba ya gani. Bolt 6 ba za su bi ta kansa ba, ko 300 ba su damu da shi sosai ba, amma dubban bolt ɗin koyil suna ganinsa hanya ce buɗaɗɗiya.

Da wannan duk guntayen suka hau kan juna. Jar fitila na kamawa domin ɓangaren tara wuta lafiya yake. Tafiyar babur cikin rana tana busar da ƙurar kafin a iso Maraɗi. Leda ta kulle iska mai danshi a ciki, ta hana rana yin aikin da take yi kullum ba a sani ba. Filash ɗin Tibiri bai ga hunturu ba tukuna, babu abin da danshi zai kama a cikinsa.

Saura tambaya guda: ta ina ƙurar ta shiga na'urar da ba a taɓa buɗewa ba? Ta gaɓar da kan ke lanƙwasawa da juyawa, ta murfin batir, ta ramin da farin katin mayar da haske ke fitowa. Amma ba faɗawa kawai take yi ba, zuƙo ta ake yi. Iskar da ke cikin na'ura tana kumbura idan ta yi zafi, ta fita; idan ta huce ta tsuke, ta jawo ta waje. Kowane jerin hotuna, kowace fita rana da komawa inuwa, numfashi ne guda, kuma a hunturu kowane numfashi da ƙurarsa.

Yaron, da ya ji haka, sai ya ce, “To Baba, a toshe ko'ina da gam mana, a huta.” Dattijon ya ƙi, kuma ina ganin a nan ne ainihin ilimin ƙera irin wannan na'ura yake. A ce baƙin filash ya sha rana cikinsa ya kai digiri 60, sai iskar hadari ta taso ta sauke shi zuwa 25. Matsin iskar da ke kulle a ciki zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Akwatin roba mai gaɓoɓi da maɓallai ba zai riƙe wannan ba har abada. Zai zuƙa ta wurin da liƙin ya fi rauni, kuma idan akwai ɗigon ruwa a wurin, da shi zai zuƙa. Abin da ya shiga ta ƙaramar kafa kuwa ba ya samun hanyar fita. Ga zafin ƙwan da aka hana wucewa, ga kwandansa wadda ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ta ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Sannan gam ɗin silikon da aka fi samu a kasuwa, mai warin tsami, yana fitar da asid yayin bushewa, wanda ke cin jan ƙarfe.

Abin da ya yi bai kai haka hayaniya ba. Ya wanke cikin kan da alkol da ɗan buroshi har ƙura ta fita. Ya kankare baƙin layin da tartsatsi ya fara ƙonawa a jikin roba, domin gawayin da ke wurin yana ɗaukar wuta ko a bushe, kuma da an bar shi da ciwon ya daina jiran damina. Ya ɗan nisanta wayar koyil daga ƙarfen, ya rufe bakinta da silikon marar tsami. Allon da kayan wuta ke kai ya shafa masa siririn banish irin na masu naɗin koyil ɗin fanka da injin ban-ruwa, ya kauce wa ƙwan da madubinsa da duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Kafofin jiki ya bar su yadda suke. Filash ya ƙarasa daminar yana aiki, har a ƙauyukan fadama.

Kamfanoni ba su yi sakaci da zancen yanayi ba. Tun 2007 Canon ya fitar da 580EX II da zoben roba a ƙafa da liƙi a murfin batir, don ƙura da yayyafi. Akwai kuma ma'aunin duniya na hukumar IEC, mai lamba 60529, wanda ake rubutawa da IP da lambobi biyu: ta farko ta ƙura, daga 0 zuwa 6, ta biyu ta ruwa, inda 4 ke nufin fantsama, 7 kuma nutsewa cikin mita ɗaya na minti 30. Galibin filash ma ba sa ɗauke da wannan lamba, sai dai a rubuta cewa suna jure ƙura da ɗigo. Amma ko da lambar, gwajin ƙura da busasshiyar hodar talk ake yin sa na 'yan sa'o'i, na ruwa kuma da ruwa mai tsabta, kowanne daban. Yanayinmu ba daban-daban yake zuwa ba, a jere yake zuwa: wata biyar na ƙura, wata biyu ko uku na gashi, sannan danshi ya sauka a kan abin da suka bari. Na'ura tana iya cin duka gwaje-gwajen biyu ta zo Gobir ta faɗi a shekara ta biyu.

Da za a tambaye ni yadda za a ƙera filash na wannan ƙasa, daga ciki zan ce a fara. Koyil ɗin kunnawa da wayarsa a zuba musu abin rufi su zama dunƙule guda, a bar tazara mai faɗi tsakaninsu da kowane ƙarfe, allon kuma ya fito daga masana'anta da shafinsa. Idan an yi wannan, ko ƙura ta shiga ba ta da abin yi. Bayan haka a liƙe gaɓoɓi da zoben roba, amma a bar wa jikin ƙofar numfashi guda da aka zaɓa, a rufe ta da fatar nan mai ramuka ƙanana ƙwarai da Robert Gore ya gano a 1969, wadda ake yin tufafin Gore-Tex da ita, mai barin iska ta wuce ta tare ɗigon ruwa da ƙura. Fitilun mota da na'urorin da ke kwana a waje sun daɗe da amfani da ita. Ba ta hana tururi shiga, amma tana barinsa ya fita, kuma ba ta barin matsi ya taru har ya zuƙo ruwa ta liƙi. Zafi kuma a fitar da shi ta jikin ƙarfe. Wasu manyan filash, irin SB-5000 na Nikon na 2016 da EL-1 na Canon, suna da tsarin sanyaya kai, kuma duk mai son kawo fanka ƙasar hazo sai ya raba hanyar iskarta da ɓangaren wuta mai ƙarfi da bango na gaske. Jikin ma da za a yi shi fari ko ruwan toka da ya rage shan rana. Abu na ƙarshe, wanda na fi damuwa da shi: kan ya zama mai buɗuwa da sukurori na kowa, yadda mai gyara a Maraɗi ko Madawa zai iya wanke shi ya mayar ba tare da ya fasa ba.

Kafin a samu wannan, masu hoton da suka ji labarin suna ajiye kayansu a damina cikin bokiti mai murfin roba tare da 'yan ƙunshin tsakuwar nan mai shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi da na magani, suna gasa ta sama-sama idan ta ƙoshi. Idan yayyafi ya kama su a wurin aiki suna rufa leda, amma a sake, bakinta a buɗe ta ƙasa, kuma a cire ta da an gama. Dattijon kuma ya ce wa yaron ya riƙa kawo filash a wanke masa kai sau ɗaya a shekara, cikin Afrilu ko farkon Mayu, bayan hazo ya ɗauke kuma kafin ruwan shuka ya sauka.